Yadda na'urar NMR mai fuska biyu ke bayyana siffar sinadarai

Kafin a amince da sabon magani, wajibi ne masana ilimin sinadarai su tabbatar da yadda ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa suka jeru, domin sinadarai biyu na iya ƙunsar zarra iri ɗaya, amma bambancin jerinsu ya sa aikinsu a jiki ya sha bamban. Na'urar NMR na cikin manyan kayan wannan tantancewa.

Ana sanya samfurin sinadarin a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sannan a aika masa da igiyar rediyo. Cibiyar kowace zarrar haidirojin tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, kuma amsar da take mayarwa tana fitowa a matsayin layi a kan zane. Idan zarra biyu suna maƙwabtaka, kowace takan ji tasirin 'yar'uwarta ta hanyar ɗaurin da ya haɗa su, sai layin ya tsage gida biyu ko fiye. Tazarar da ke tsakanin tsagin ita ake kira ma'aunin haɗi, mai alamar J. Ana auna ta da Hertz, kuma ba ta sauyawa komai ƙarfin maganaɗisun.

A shekarar 1959, Martin Karplus ya nuna cewa girman J ya danganta da kusurwar da ke tsakanin zarrar biyu. Sukarin gulukos misali ne: a nau'insa na alfa, J na haidirojin na farko ba ya wuce Hertz 4, a nau'in beta kuwa yakan kai kimanin 8. Ɗaurin alfa ne ke samar da sitaci, wanda cikin ɗan Adam ke narkarwa, na beta kuma ke samar da zaren tsirrai, wanda ba ya iya narkarwa.

Sai dai a manyan sinadarai, layukan sukan hau kan juna har a kasa auna tazarar. A shekarar 1971, Jean Jeener na ƙasar Beljiyam ya kawo shawarar a maimaita awon sau da yawa, ana ƙara tsawon lokacin jira tsakanin bugun igiyoyin kaɗan-kaɗan, sannan kwamfuta ta baje sakamakon a kan zane mai tsawo da faɗi. Richard Ernst da abokan aikinsa a birnin Zurich ne suka aiwatar da shawarar. A shekarar 1976 suka fito da hanyar da ke ajiye matsayin kowace zarra a fuska ɗaya, tsagin layinta kuma a ɗaya fuskar, ta yadda za a karanta kowane J shi kaɗai. An bai wa Ernst kyautar Nobel a fannin sinadarai a shekarar 1991.

A yau ana amfani da waɗannan awon wajen gano siffar furotin, da ta sinadaran da ake tatsa daga tsirran magani.