Masu Koyon Kodin: Ka Nemi Taimako, Amma Kada a Yi Maka Aikin

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp ko Telegram na masu koyon kodin ya san saƙon nan da ke shigowa a daren da za a rufe karɓar aiki: "Don Allah wa ya yi na wannan makon? A taimaka a turo min." Kafin minti goma wani mai kirki ya turo, mutum ashirin sun kwafa, an sauya sunan fayil, an miƙa. Kowa ya samu maki, an yi ta ruwan godiya. To amma cikin ashirin ɗin nan, mutum nawa ne za su iya sake rubuta aikin gobe da safe ba tare da sun leƙa ba?

Tambayar ta shafe ka kai tsaye, ɗan'uwa, kuma ta shafe ki, 'yar'uwa. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, matasanmu da dama sun tsunduma koyon rubuta manhaja. Wasu kuma suna yin kwas ɗin ne a jami'a ko foli, wasu a intanet. Shiga ba wuya. Wahalar tana farawa ne ranar da ka rubuta layi goma, ka danna, kwamfuta ta watso maka jan rubutu. Abin da ka yi a wannan lokacin shi zai nuna ko za ka iya sana'ar ko satifiket kawai za ka tashi da shi.

Bari mu duba yadda ɗaya daga cikin fitattun kwasa-kwasan duniya ya tunkari lamarin. CS50 kwas ne na gabatar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda Farfesa David Malan ke koyarwa tun 2007, kuma kowa na iya yin sa kyauta a intanet. Ana farawa da Scratch, a shiga yaren C, daga baya a zo kan Python da SQL da gina shafukan intanet. A farko-farkon kwas ɗin akwai wani aiki da ake kira Mario, inda ake so ka sa kwamfuta ta jera alamar # ta tayar da matakala irin ta wasan Super Mario. A ido kamar wasan yara, amma sabon shiga zai iya kwana a kai. Da gangan aka yi hakan, don a wannan kai-komon ne ƙwaƙwalwa ke gane yadda ake sa umarni ya maimaita kansa a cikin wani umarnin.

Dokar kwas ɗin kan neman taimako a fili take: in ka maƙale, kana iya nuna wa wani kod ɗinka ya taya ka dubawa, amma ba a yarda ka kalli nasa ba. Akwai ma ƙofar nadama: wanda ya keta doka, in ya kai kansa cikin awa 72, ana sassauta masa. Sannan a 2023 suka fito da nasu mataimakin na ƙirƙirarriyar basira mai siffar agwagwa, wanda aka tsara shi ya riƙa yi wa ɗalibi nuni da tambayoyi maimakon ya miƙa masa amsa gaba ɗaya. Ka ga ke nan ba su hana tambaya ba. Kayan aiki ma suka tanada dominta. Abin da suka tsare shi ne tunanin ya zama naka.

To yaya za ka yi hakan a aikace?

Da farko, karanta jan rubutun. Da yawa daga cikinmu da mun ga saƙon kuskure sai gaba ya faɗi, mu rufe. Alhali a Python saƙon yana faɗa maka lambar layin da aka samu matsala, layinsa na ƙarshe kuma yana faɗin irin matsalar. Misali, ka ajiye wani abu da sunan "suna", can ƙasa ka kira shi "Suna" da babban baƙi. Python za ta ce NameError, don a wurinta waɗannan abubuwa biyu ne daban. In ka ga IndentationError, tazarar farkon layi ce ba ta daidaita ba. Sau da yawa gyaran bai wuce harafi ɗaya ba.

Na biyu, yi wa wani abu bayani da baki. Agwagwar CS50 ta samo asali ne daga wata dabara da littafin The Pragmatic Programmer na 1999 ya yaɗa, ta mai kodin da ke ajiye agwagwar roba yana yi mata bayanin kod ɗinsa layi bayan layi. Kai ba sai ka nemo agwagwa ba, buta ma ta isa. Ka faɗa da Hausa: "A nan na ce ta fara ƙirga daga ɗaya..." Sai ka ji kanka ka tsaya, don ka tuna a Python jeri daga sifili yake farawa.

Na uku, sa wa kanka iyaka. Ka ba matsalar minti talatin ko awa ɗaya kana gwadawa, kana rubuta abin da ka gwada a takarda. In lokacin ya cika ba ta warware ba, tambaya ta wajaba. Zama kwana uku kan abu ɗaya saboda kunya ba jarumta ba ce. Kunya ado ce a gida, amma a aji tana iya cinye maka zango guda. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda kake jin nauyin tambaya shi ma ta nan ya biyo.

Na huɗu, iya tambayar. "Kod ɗina ba ya aiki, a taimaka" ba tambaya ba ce, kuka ne. Tambaya mai kyau tana ɗauke da abu huɗu: me kake so ya faru, me ya faru, me saƙon kuskuren ya ce, me ka riga ka gwada. Ka turo kod ɗin a rubuce, kada ka ɗauki hoton allon kwamfuta da waya a karkace. A dandalin Stack Overflow, wanda aka kafa a 2008, ana buƙatar mai tambaya ya rage kod ɗinsa zuwa ɗan guntun da ke nuna matsalar kaɗai. Gwada ka gani, wani lokaci garin ragewar kake cin karo da amsar da kanka.

Na biyar, bayan an taimake ka, rufe amsar ka sake rubutawa daga kanka. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, ka koma. Haka ma batun ChatGPT da ire-irensa. In dokar kwas ɗinka ta yarda da su, ka ce ya fassara maka saƙon kuskure ko ya ba ka wani misali mai kama da naka. Ka kuma sani yana iya ba ka amsar da ba daidai ba cikin cikakkiyar gadara, wanda bai iya ba kuwa ba zai gane an yi masa shigo-shigo ba zurfi ba.

Na san za ka ce wuta fa, data fa, laftof fa? Gaskiya ne, matsaloli ne na zahiri. Amma akwai dabaru. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android. Darussan CS50 suna da bayanai a rubuce waɗanda ba sa cin data kamar bidiyo. In an ɗauke wuta, ka rubuta matakan aikin a littafi, in ta dawo ka juye. In uzuri ya taso da zai hana ka miƙa aiki, ka sanar da malami tun kafin ranar, kada ka ɓace sai bayan sati biyu ka ɓullo da labari.

Kai kuma gwanin guruf, mai turo amsa don tausayi, sauya salo. Ka tambayi abokinka: "Me layi na bakwai yake yi?" Ka bar shi ya amsa. Zai ɗan ji haushi yau, amma ka yi masa alherin da ya fi maki.

Domin ranar da za ka nemi aiki, ko wani mai shago ya ba ka kwangilar manhajar lissafin kaya, ba guruf ɗin da zai zauna maka. Za a buɗe kwamfuta a gabanka a ce ga matsala, gyara. Don haka a daren nan ka buɗe aikin da kake gudu, ka karanta jan rubutun har ƙarshe, ka ba shi minti talatin. In ya ƙi, ka rubuta tambayarka da abubuwa huɗun nan ka tura.