Inda Sabis Yake Maƙalewa Tsakanin Zaure da Ɗaki

Wata rana da yamma, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 har bangon ɗaki ya riƙa huci kamar tanderu, na kai ziyara gidan wana a Sabon Gari, sai na tarar da ɗansa, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zaune bisa tabarma da kwamfutar tafi-da-gidanka a cinya, fuska a murtuke, yana jiran saukar wani littafi da ya nema tun bayan La'asar. Bayan mun gaisa ya ce, "Baffa, wannan kwamfuta ta tsufa, ba ta jan sabis, gobe in Allah ya kai mu zan kai ta kasuwa." Na ce, "Dakata tukuna, ɗana, nuna mini inda kuka ajiye na'urar da ke raba muku intanet." Ashe rautar, kamar yadda masu sayarwa suke kiranta, tana can zaure a ƙasa, bayan ƙofar ƙarfe, dab da randa, alhali ɗakinsa yana ƙuryar gida, da bango uku na bulo da siminti a tsakani. Muka ɗauko ta muka ɗora bisa kanta a ɗakin da ke tsakiyar gida, kuma kafin ladan ya kira Magariba littafin ya sauka.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, mutane da yawa suna yanke wa kwamfuta hukunci ba tare da sun saurari shaida ba, su yi asarar dukiya a kan illar da ba tata ba. Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun bar mana wata ƙa'ida mai fa'ida ko a lamurran duniya, wato idan suka ji ana zargin wata ruwaya da rauni, sukan bi silsilar masu ruwayar ɗaya bayan ɗaya, har su tabbatar da wanda raunin ya fito daga gare shi. Saƙon intanet shi ma silsila gare shi mai gaɓa uku: daga kamfanin sadarwa zuwa rautar gida, daga rauta zuwa kwamfuta, sa'an nan cikin kwamfutar kanta. Wanda ya san gaɓar da ta yi rauni ya gama rabin aiki.

Hanyar tantancewa kuwa ba ta buƙatar ko kwabo. Ka ɗauki wayar hannu da ke jone da rautar, ka ajiye ta kusa da kwamfuta, ka buɗe shafi iri ɗaya a kowace. Idan wayar ta buɗe nan take, kwamfutar tana jan ƙafa, to illar tana jikin kwamfuta. Idan dukansu sun gaza a ɗaki, amma suka farfaɗo da ka matsa kusa da rauta, to ginin gidanka ne ya tare hanya. Idan kuwa kana tsaye gaban rautar, alamar Wi-Fi ta cika fal, amma shafi ya ƙi buɗewa, to mas'alar daga waje take. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan, domin 'yan layukan nan da ke ƙasan allo shaidarsu ta tsaya ne kan abin da ke tsakanin kwamfuta da rauta kaɗai, ba su da labarin abin da ke faruwa bayan ƙofar gida.

Gaɓar farko doguwa ce ƙwarai. Tun daga shekarar 2001 da layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya, akasarin gidajenmu ta turken sabis suke samun intanet, ko da rauta mai ɗaukar sim, ko da ƙaramar MiFi, ko da wayar da aka mayar hotsifot. Shi kuma turken a jone yake da wayoyin gilashi da suka ratso ƙasa kusan kilomita 1,000 daga Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne ta 2010 da Equiano ta 2022 suka sauka. Ran 14 ga Maris, 2024, da wasu irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, kuma babu dabarar da mai gida zai yi a ranar sai haƙuri. Abin da ke hannunka a wannan gaɓa kaɗan ne: ka duba ko data ta ƙare, ka kashe rautar na kamar minti guda ka sake kunnawa, ka matsa da ita kusa da tagar da ta fi kama sabis, kuma ka lura cewa bayan Isha'i, sa'ad da unguwa duka ta hau layi, turke guda ne ake rabawa, don haka manyan littattafai da bidiyon darasi sun fi saurin sauka bayan Asuba.

Gaɓa ta biyu ita ce inda aka fi samun illa, ita ce kuma ta fi sauƙin magani. Wi-Fi, wanda aka kafa ƙa'idarsa ta farko a 1997, alal haƙiƙa rediyo ne, ɗan'uwan akwatin nan da iyayenmu suke juya eriyarsa da asuba suna neman Sashen Hausa na BBC a gajeren zango. Sai dai tashar da ke watsa shi, wato rautar, ƙarfinta a galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Ko a fili fetal, duk sa'ad da nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke isowa yakan koma rubu'i, balle an gitta masa bango. Ƙarfe yana mayar da shi baya kamar yadda madubi yake mayar da haske, saboda haka ƙofar ƙarfe, da rufin kwano, da rodin da ke cikin kankare, da firji, duk shamaki ne. Ruwa kuwa shanye shi yake yi, don haka randa da tankin ruwa ba maƙwabtan kirki ba ne ga rauta. Bangon laka mai kauri, wanda yake ni'ima a lokacin bazara, shi ma yana cin rabonsa. Maganin shi ne a ɗora rautar a sama, a sarari, a tsakiyar gida, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba.

Rautocin zamani da yawa suna watsa saƙo a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na biyun ya fi sauri amma ba ya jure bango, na farkon ya fi nisan zango amma cunkoso ya yi masa yawa, musamman a gidan haya inda kowane ɗaki yake da tasa na'urar. Saboda haka na kusa ya zaɓi 5, na ƙurya ya zaɓi 2.4, in cunkoso ya dame shi ya sa wanda ya iya ya mayar masa da rautar tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11, domin su ukun nan ne ba sa shiga hurumin juna. Haka kuma ya kamata mai gida ya san adadin wayoyin da ke jone, ya sauya kalmar sirri idan ta yaɗu. Kyautata wa maƙwabci abin yabo ne, amma kyauta da sanin mai ita ake yinta.

Sai gaɓa ta uku. Eriyar kwamfuta tana ɓoye ne a yawancin lokuta cikin murfi, a gefen allo, kuma siraran wayoyinta ta mahaɗar murfin suke bi, shi ya sa kwamfutar da ta taɓa faɗuwa, ko aka sauya mata allo, takan wayi gari ba ta jin rauta sai an kai ta gabanta. Sa'ad da aka ɗauke wuta ta koma kan batir, tsarin tattalin caji yana iya rage wa katin Wi-Fi ƙarfi, sai a shiga saitin wuta a ba shi cikakken iko. Wani lokaci manhajar da ke sarrafa katin, wadda masu gyara suke kira direba, ita ce ta tsufa. Wani lokaci kuma Windows ce take sauke sabuntawa a ɓoye ta cinye hanya. Kada a manta da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, domin kwamfutar da ta yi zafi takan rage gudunta da kanta, mai ita ya zaci sabis ne; a daina ɗora ta bisa katifa, a kai a hure ta. Idan katin ya mutu, akwai ƙaramin madadinsa da ake sokawa a ramin USB. Idan kuma ɗaki ya yi nisa ainun, wayar intanet da ake jonawa kai tsaye tana ɗaukar saƙo har mita 100 ba ruwanta da bango.

Bilhasali, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bi gaɓoɓin bisa tertibi, sa'an nan a nemi mai gyara. Shehu Usmanu, Allah ya yi masa rahama, sai da ya taka har Agadas domin ya ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, almajiran zamaninsa kuwa da hannu suke kwafe littafi kafin su mallake shi. Ɗalibin da littafi yake biyo shi har ƙuryar ɗaki a Sabon Gari, abin da ya rage masa na wahalar neman ilimi bai wuce ya tashi ya ɗauke rauta daga bayan randa ba.