Wasan Ɓera da Kasuwar da Babu Buhu a Cikinta

Duk wanda ya ratsa Auyo ko Haɗejiya a daminar 2024 zai tuna da abin da idonsa ya gani. Samari ne a gindin bishiya, a teburin mai shayi, a rumfar mai cajin waya, kowa ya sunkuyar da kai yana ta dannan fuskar waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kada mu ce 'ya'yan wasu ne. Har da namu na ikilisiya, domin ko a bencin baya lokacin sujada yatsa bai huta ba.

Sunan wasan Hamster Kombat, ya fito a manhajar Telegram cikin watan Maris na 2024. Yadda aka tsara shi, kai ne shugaban wata kasuwar kuɗin intanet. Kana danna hoton wani ɗan ɓera, sulallan wasa suna taruwa, ka sayi kati da su don "ribarka" ta kowace awa ta ƙaru. Idan ka gayyato aboki, ko ka kalli bidiyon kamfanin, a ƙara maka. Da a nan abin ya tsaya, da ba shi da bambanci da dara ko ludo. Amma sai aka yi alkawari cewa wata rana sulallan nan za su shiga kasuwa ta gaske, inda 'yan wasan za su riƙa saye da sayarwa a tsakaninsu. Ranar nan ita yaranmu suke kira ranar fashewa.

Dalilin da ya sa suka gaskata ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na shekarar, wani wasa irinsa mai suna Notcoin ya shiga kasuwa, waɗanda suka fara shi da wuri kuwa sun sami kuɗi na gaske. Labari ya bazu, kowa ya ce ba za a sake barinsa a baya ba. Masu Hamster sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga nasu a duniya.

Ranar 26 ga Satumba 2024 aka buɗe kasuwar. Wajen mutum miliyan 131 aka raba wa sulallan, da yawa kuwa abin da ya zo hannunsu bai kai dala goma ba, bayan wata da watanni ana sayen data ana biyan kuɗin caji. Nan take farashi ya soma gangarowa, gama kowa sayarwa ya zo yi, masu saye kaɗan ne.

To, 'yan'uwa, a nan ne muke so mu dakata, domin mutumin ƙasar Haɗejiya ya san kasuwa. Wanda ya sayi buhun shinkafa da kaka ya ajiye, yana jiran farashi ya tashi, shi ma kasada ya yi. Wata shekara ya ci riba, wata shekara ya faɗi. Amma ko farashi ya karye, buhun yana nan a ɗaki, iyali za su ci. Haka wanda ya sayi hannun jari a kamfanin siminti ko na sukari: akwai injin da yake juyawa, akwai ma'aikata, akwai kayan da ake lodi a mota, daga nan ribarsa take fitowa. Mu tambayi kanmu, mene ne a bayan sulallan ɓera? Ba gona, ba masana'anta. Darajarsu ita ce begen cewa gobe wani zai saya da tsada. Ke nan duk nairar da wani ya ci, daga aljihun wanda ya zo bayansa ta fito. Mai gidan wasa kuwa ya riga ya ci nasa tun daga tallace-tallacen da miliyoyin mutane suka zauna suna kallo.

Wani zai ce ai ba a sa kuɗi ba, lokaci kawai aka ɓata. Gaskiya ne, a matakin farko. Abin da yake damunmu shi ne ɗabi'ar da aka koya. Yaron da ya saba ganin lamba tana hawa a waya ba tare da gumi ba, shi ne wanda gobe za a ce masa ya zuba dubu hamsin ta zama dubu ɗari. An yi haka da MMM, wanda ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016 ana gab da Kirsimeti. An sake yi da CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rushe a watan Afrilu na 2025. Hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa ta ce ba ta taɓa yi masa rajista ba. Ita kuwa sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu kafa irin waɗannan tsare-tsare, sai dai ɗaurin wani ba ya dawo wa gwauruwa da kuɗin akuyarta.

A Kano, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a watan Oktoba na 2024. Shago yana da ƙofa, ana iya sa masa kwaɗo. Wannan kuwa a aljihu take kwana.

Ba mu ce Littafi Mai Tsarki ya hana juya kuɗi ba. A misalin talanti cikin Matiyu sura 25, bawan da aka tsawata wa shi ne wanda ya binne nasa, ba waɗanda suka yi ciniki da nasu ba. Amma Karin Magana 13:11 ta bambanta dukiyar da ta zo a gaggauce da wadda aka tara kaɗan kaɗan, ta kuma faɗi wadda take daɗewa. Bulus ma da ya rubuta wa Timoti, son kuɗi ya zarga, ya ce ya ɓad da waɗansu daga bangaskiya. Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne gayyata. Duk tsare-tsaren nan da amana suke tafiya, amana kuwa a majami'a ta fi yawa. Idan shugaban matasa ne ya turo maka, ko mamar da take riƙe da adashin Zumuntar Mata, da wuya ka yi tambaya. Ranar da abin ya rushe, ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba. Mutum biyu da suke cin Jibin Ubangiji tare sai su daina gaisawa.

Kuma kada mu yi wa matasanmu rashin adalci. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki a Auyo, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, taki ya yi tsada. Wanda ya ga shinkafar ubansa a ƙarƙashin ruwa, ba abin mamaki ba ne ya nemi arzikin da ruwa ba ya ci. Faɗa daga bagade kaɗai ba zai ishe shi ba.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiyoyinmu su tabbata kuɗin baiko, na gini da na ƙungiyoyi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kada kuma a yi sanarwar wani zuba jari a cikin sujada ko a taron zumunta. Sa'an nan a dubi abin da yake kusa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a nan Auyo. Ƙungiyar matasa da za ta haɗa kuɗi ta kama fili ɗaya na alkama ko shinkafa, ta rubuta rabon kowa a littafi, ita ma hannun jari ta kafa. Alkama dai a watan Nuwamba ake shuka ta, don haka maganar fili da iri tun kafin ruwa ya janye ake fara ta.