Daga Manchok Zuwa Kafanchan: Wane Dare Ne Ya Fi Haɗari?

Ingila da yankin Wales suna tsare da fursunoni wajen 85,000. Najeriya tana da kimanin 80,000, kusan kunnen doki ke nan. A can akwai gado, akwai likita, abinci ba ya yankewa, amma a shekarar 2016 kaɗai fursunoni sama da 100 ne suka kashe kansu. A nan kuwa gidajen yarin an gina su ne don mutum 50,000 da ɗoriya, kuma kuɗin ciyar da fursuna naira 750 ne a yini har zuwa 2024 da aka ɗaga shi zuwa 1,125. Duk da haka labarin da ke fitowa daga bayan katangun namu na daban ne: harin gidan yarin Jos a Nuwamban 2021, fasa na Kuje a Yulin 2022, tarin fuka, ƙazuwa, yunwa. Da wuya ka ji an ce wani ya ɗauke ransa da hannunsa. Wanda ya fi shan wuya shi ne ba a jin ya yanke ƙauna. Ta yaya?

A ce wani saurayi ne a Manchok, ƙasar Marwa, cikin ƙaramar hukumar Kaura. Rigimar iyakar gona ta kai ga jini, aka kama shi. Zai kwana a caji ofis, a kai shi gaban majistare, in beli bai samu ba a bi da shi ta Kagoro zuwa gidan gyaran hali na Kafanchan. A wannan 'yar gajeriyar tafiya amsar take.

Wanda duk ka fara tambaya a yankin, fasto ne ko liman, zai ce imani ne. Kirista da Musulmi sun yi tarayya a kan cewa rai ba na mutum ba ne balle ya ɗauke shi, kuma a gidajen yarinmu coci da masallaci ba sa rasa jama'a. Wannan yana da nauyi, ba na musu. Sai dai ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna yankin Afirka ne kan gaba a yawan masu kashe kansu idan aka auna da yawan jama'a: wajen mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali a duniya baki ɗaya 9 ne. Tun da masu yawo a waje da imaninsu abin yana samunsu, ba dalilin da zai sa ya tsaya a bakin ƙofar kurkuku.

To ko ɓoyewa ake yi? Nan an fara kusantar gaskiya. Sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu ma sashe na 327 na tasu dokar ya tanadi ɗaurin shekara guda. Saurayinmu da ke jiran shari'a kan laifi ɗaya, da wane baki zai gaya wa gandiroba abin da zuciyarsa ke saƙa masa, bayan ya san magana ce mai iya zama tuhuma ta biyu? Dangi ma sun fi so a ce gajeriyar rashin lafiya ce, saboda jana'iza da kuma surutun gari. Wannan ya bayyana shirun masu rai. Amma gawa ba ta ɓoyuwa a ɗakin da mutum hamsin ke kwana, kuma wanda aka sallama yana fita da bakinsa.

Sai mu juya tambayar. A ƙasashen da ake bin diddigin kowace mutuwa, su wane ne ke mutuwa, kuma yaushe? A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan wannan batu, kuma hoton da ya fito ba ya sauyawa sosai daga ƙasa zuwa ƙasa. Masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci shiga haɗari. Sa'o'i da kwanakin farko sun fi muni, musamman ga wanda bai taɓa shiga ba, sai kuma lokacin zaman kotu. Abin ya fi faruwa da dare ko ƙarshen mako, sa'ad da ma'aikata suka ragu. A Amurka, kashe kai shi ne kan gaba wajen ajalin mutane a ƙananan gidajen tsaro na gundumomi, inda masu jiran shari'a suka fi yawa.

Wannan ya ƙara dagula lissafin. Biyu cikin uku na fursunonin Najeriya masu jiran shari'a ne, wasu shekara da shekaru ba su san ranar fita ba. Da wannan ma'aunin kaɗai za a bi, da yawan masu kashe kansu a namu ya ninka na Ingila.

Saura sharaɗi ɗaya a cikin jagorar, kuma shi ne mabuɗin: akasarin waɗanda suka mutu, su kaɗai ne a ɗaki.

A babban ɗakin masu jiran shari'a na gidan yarin Najeriya ba wanda yake shi kaɗai, ko na minti guda. Ana kwana kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci sai an yi karɓa-karɓa. Kowane ɗaki da shugabansa da dokokinsa, da mai raba wurin kwana, da mai jan salla ko addu'a. Baƙo yana shiga za a tambaye shi garinsu da abin da ya kawo shi, kuma a Kafanchan da wuya ɗan Manchok ya rasa mai jin yarensu ko wanda ya san wani nasa. In ya ƙi cin abinci an gani. In ya miƙe tsakar dare sai ya taka ƙafar wani. Mai gadin ransa na gaskiya ba ya sanye da kaki, maƙwabcinsa ne a tabarma.

Turawa sai da suka yi asara kafin su gane haka. A 1990 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a gidan yarin Swansea da ke yankin Wales. Shekara ta zagayo, ƙungiyar Samaritans ta fara horar da fursunoni a can su zama masu sauraron 'yan uwansu, kuma tsarin ya bazu a gidajen yarin ƙasar. Abin da suka gina da gangan, mu matsi ne ya ba mu shi. Kada a ɗauka yabon cunkoso nake yi. Numfashin da ke tsare mutum daga kansa shi ne ke shafa masa tarin fuka, kuma mulkin shugaban ɗaki yakan zo da duka da karɓar na goro. Shi ya sa sashe na 12 na dokar gyaran hali ta 2019 ya ba jami'ai damar ƙin karɓar sabon mutum idan gida ya cika, bayan an sanar da hukumomin shari'a.

Yanzu sai a koma kan hanyar saurayin a nemi inda yake shi kaɗai. Na farko shi ne daren caji ofis, kafin ma ya ga Kafanchan: an karɓe wayarsa da bel ɗinsa a kanta, kunya tana cinsa, bai san ko gida sun ji ba, wataƙila abin da ya sha yana sakinsa, kuma ƙaramin ofis a ƙauye yana iya wayar gari da mutum ɗaya tak a sel. Na biyu shi ne yammacin da ya dawo daga kotu an hana beli ko an yanke hukunci. Yana cikin mutane, amma kowa ya ɗauka ya saba.

Na uku ya fi ɗaure kai, domin da sunan kariya ake yinsa. Wanda ya fara sambatu, ko ya ji wa kansa rauni, abin da ya fi sauƙi ga ma'aikacin da ke kula da ɗakuna da yawa shi ne ya ware shi a ɗakin mutum ɗaya. An cire shi ke nan daga cikin idanu hamsin an kai shi inda ba ido ko ɗaya. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun hana keɓe fursuna fiye da kwana 15 a jere, sun hana keɓe mai taɓin hankali idan hakan zai ƙara masa ciwo, kuma sun ce likita ya duba duk sabon shiga da wuri, har da tambayarsa ko yana tunanin cutar da kansa. Tambaya ce ta minti biyu. Amma in amsar ta zo da e, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, tafiyar sa'o'i daga Kafanchan, ga neman mota da mai da 'yan rakiya.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ta ba da damar ajiye marasa lafiya a kurkuku ba tare da sun yi laifin komai ba. Cikin Maris na shekarar, gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon gina nasu gidajen gyaran hali, kuma a watan ne majalisar Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Idan Kaduna ta tashi gina nata gidan gyaran hali, za a nemi ɗakuna masu sarari da mutane kaɗan, kuma daidai ne. Sai dai duk wanda zai zana ɗakin mutum ɗaya, sai ya faɗi wanda zai riƙa leƙa shi da ƙarfe biyun dare, da kuma ko nawa ne albashinsa.