Aljanun Abubakar Imam: Daga Takarda Zuwa Akwatin Talabijin

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'armu mazauna Borokiri a Fatakwal, da na Anaca da Inugu, da wuya a sami wanda ya yi makarantar boko a Arewa bai taɓa gamuwa da aljanun Alhaji Abubakar Imam ba. Marigayin, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya rasu cikin 1981, yana cikin na farko da suka ɗauko labarun ban tsoro da ban al'ajabi daga bakin tsofaffi suka zuba su a rubutun boko.

Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Imam yana malamin Midil ta Katsina ya shiga da Ruwan Bagaja, aka buga shi cikin 1934. Labari ne na Alhaji Imam da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har tafiya ta kai shi ƙasar aljanu. Mu da neman abinci ya raba mu da gida, ai mun san ciwon irin wannan tafiya.

Sa'an nan daga 1937 aka fara fitar da Magana Jari Ce, littafi uku. A na farkon, aku ne ke tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari kowane dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri. Da yawa daga labarun nan Imam ya samo su ne daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa, amma ya sa musu riga da rawani, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Cikin shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, da 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero, wanda ya rasu cikin 2017. Lalle an ci riba, gama wanda bai iya karatu ba shi ma ya sha labari. Amma fa akwai hasara. Na'urar ɗaukar hoto sai abin da aka ajiye gabanta take nunawa, alhali aljanin da mai karatu ya ƙera a zuciyarsa ba shi da iyaka. Har wa yau, zaƙin Hausar Imam, watau karin magana da ba'a da habaici, a takarda ya fi zama.

To, a nan ne magana ta zo kanmu. Yaran da muka haifa a Kudu da Turancin buroka suke wasa a layi, Hausar wasunsu kuwa ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba. Faɗa ba ya koya wa yaro harshe, amma labarin da ya tayar masa da tsikar jiki zai sa ya tambayi ma'anar kowace kalma.

Saboda haka, in wani zai je gida, a ba shi sautun littattafan nan, bugun NNPC na Zariya, mai ɗab'i ba mai man fetur ba. Bayan sallar lisha a tara yara a karanta musu labari guda, a tsaya daidai inda ya fi daɗi, a ce sai gobe. Da labari aku ya riƙe ɗan sarki a gida, mu ma da shi za mu riƙe namu.