Saye: Inda Masu Kuturta Suka Tsufa

Daga Tudun Wadan Zariya muke gaishe ku, amma shirinmu na yau zai fita wajen gari kaɗan, ya bi tsohuwar hanyar Kaduna zuwa ƙauyen Saye, inda masu kuturta suka tsufa.

A ƙasar Hausa, tsoho a ɗakin ɗansa ko na jikansa yake ƙarasa kwanansa. Kai iyaye wani gida a ajiye su abin kunya ne da zai bi zuriya. Makafi da guragu ma ba a bar su kara zube ba, suna da unguwanninsu, suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu masu kai kukansu fada. Amma ciwon kuturta ya karya wannan al'ada.

A zamanin Turawa aka keɓe wa masu ciwon matsugunai a bayan gari. A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi riƙon na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Zazzau kuwa, mishan ɗin CMS na Wusasa ne ya riƙe aikin. Maganin lokacin allura ce ta wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar Indiya, ga zafi ga ƙarancin amfani. Mutum ya zo jinyar wata shida, sai ga shi ya share gona, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya a matsugunin.

Ƙwayar maganin dafson ta iso wajen 1950, sannan a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu kashe ƙwayar cutar murus. Daga nan killacewa ta ƙare. A 1991 Saye ta zama cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta.

To amma waɗanda suka warke fa? Magani na kashe cuta, ba ya mayar da yatsa, ba ya dawo da jin zafi. Tsohuwa za ta sauke tukunya daga murhu hannunta na ƙuna, ba ta sani ba sai ta ga bororo. Dattijo ya taka ƙaya a gona da safe, sai da magariba ya ga jini a takalmi. Garinsu kuma, an raba gado tuni, an cinye gonar. Haka irin waɗannan matsugunai suka rikiɗe suka zama gidajen gajiyayyu, ba tare da wani ya tsara hakan ko ya ware musu kuɗin abinci ba. A ganina, nan ne aka yi sakaci.

An sa wa dokar hana nuna wa naƙasassu wariya hannu a Janairun 2019, sai dai takarda ba ta wanke gyambo. Ku kuma masu sauraro, wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa, ya taɓa bai ji ba, ya garzaya asibiti. Maganin kyauta ne, wata shida ko shekara ɗaya ake sha.