Gyaran Birkin Hannu Idan Wayarsa Ta Tsinke

Jama'a, tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 sun daɗe suna kai mu kasuwa da asibiti. Sau da yawa idan direba ya tsaya, sai yaron mota ya sa dutse a bayan taya, domin birkin hannu ya mutu. Wannan ganganci ne. Dutse yana iya gocewa, mota ta gangara ta taka yaro ko dabba.

Birkin hannu ba ya aiki da man birki. Wata wayar ƙarfe ce ke riƙe tayoyin baya, kanikawa suna kiranta kebul. Ruwa da laka ke sa ta tsatsa har ta tsinke. Idan ka ja sandar birkin ka ji ta taso sakwaf, to a duba wayar.

Ga yadda ake gyara:

1. Ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka tokare tayoyin gaba.
2. Ɗaga bayanta da jak, ka tallafe ta da katako mai ƙarfi. Kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita.
3. Sauke sandar birkin, kwance noti, ka zare tsohuwar wayar.
4. Tafi da ita kanti domin ka sami daidai tsawonta. Kada a ƙulla ta, kada a yi mata walda.
5. Ɗaura sabuwa, ka matse notin sannu a hankali. Idan an ja sanda, tayoyi su kafe. Idan an sake ta, su juya ba gardama.

Daga nan sai a gwada a ƙaramar gangara. Idan aikin ya gagare ka, nemi bakanike. Rigakafi ya fi magani.